Na tashi daga sanƙarau, ina son zama nas, amma Baba ya ƙi

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 18, daga jihar Jigawa. Ina aji biyar a makarantar kwana sanƙarau ya kama ni, lokacin zafi. Na yi kusan wata guda a asibiti, kwanakin farko ban ma san inda kaina yake ba. Allah ya tashi kafaɗuna, amma kunnena na hagu ba ya ji sosai. Akwai wata nas mai aikin dare da ba zan taɓa mantawa da ita ba: ita ke goge min jiki, ta ba ni kunu da cokali, ta zauna tana lallashin mahaifiyata. A kan gadon nan na yi alwashin in na warke zan zama nas. Yanzu na gama sakandare, sai dai ban samu kiredit a kemistiri ba. Baba ya ce aikin da ake kwana a waje ana taɓa maza bai dace da ni ba, ga shi jikina ba ƙwari, gara in yi NCE in koyar. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, duk ranar da na shiga asibiti na shaƙi warin magani, gabana ya dinga faɗuwa ke nan, hannuna na rawa. Anti, son aikin nake da gaske, ko alwashin ne kawai ya ɗaure ni?

Wata ɗaliba, Jigawa

Wa'alaikumus salam 'yata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne.

Ba ƙaramin abu kika tsallake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da irin wannan sanƙarau na bakteriya ya kama, ɗaya ba ya tashi, kuma cikin biyar da suka tashi ɗaya na fita da tabo: kurunta, farfaɗiya, raunin gaɓoɓi ko mantuwa. Tsakanin Oktoban 2023 da Maris ɗin 2024 kaɗai an lissafa mutum 153 da cutar ta ɗauke a jihohi bakwai, Jigawa na cikinsu. Na kawo wannan ne don ki san duk wanda ya leƙa bakin kabari irin haka ya dawo, dole tunaninsa ya sauya. Burin da ya tsiro miki a kan gadon asibiti ba shirme ba ne, ba kuma ruɗin zazzaɓi ba ne.

Amma ga maganar da nake so ki riƙe fiye da duk sauran: ba a bin ki bashi. Allah da ya tashe ki bai tashe ki da sharaɗin sai kin sa farin kaya ba. Baiwar Allahn nan da ta kula da ke ta yi aikinta, ta yi shi da zuciya ɗaya, ladanta na wurin Ubangiji, kuma addu'arki ta ishe ta. In kin shiga aikin jinya don biyan bashi, ranar da kika ji kamar kin gama biya, ranar za ki fara ƙin aikin, ga shi kuwa shekaru talatin na gabanki. In kin shige shi don kin dube shi da idon basira kin ga za ki iya, kuma kina so, to jinyar da kika yi za ta zame miki jari wanda 'yan ajinku ba su da shi.

Jari na ce, kuma da gaske nake. Akwai ilimin da ba a samu a aji. Kin san yadda dare ke tsawo ga wanda kansa ke sarawa. Kin san yadda hasken fitila ke soka idon mai sanƙarau har ya juya fuska bango. Kin san kunyar budurwa idan aka yaye mata zane ba a ja labule ba, da yadda ake ji idan likitoci sun tsaya a kanka suna magana da Turanci kamar ba ka wurin. Kin san bambancin hannun da ke neman jijiya a hankali yana cewa “yi haƙuri, yanzu za a gama” da hannun da ke fizga. Wasu sai sun yi shekara goma a bakin aiki kafin su gane waɗannan, wasu har su yi ritaya ba su gane ba. Ke kin shigo da su a jikinki.

Sai dai abin da kika gani daga kan gado rabin aikin ne. Kin ga cokalin kunu da tattausan lafazi. Ba ki ga abin da take yi ba idan ta bar gefenki. Ɗauki dattijuwa guda da ɓarin jiki ya kwantar. Duk bayan awa biyu sai an juya ta, in ba haka ba ƙugunta da dugaduganta su ɓare su zama gyambo. Nas za ta sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a kwankwaso, ta mirgina ta, ta duba fatar ko ta yi ja, ta zare zanen da ya jiƙe da fitsari, ta goge, ta shafa mai, ta cusa matashi tsakanin gwiwoyi. Ta ɗauki fo ta zubar. Ta wanke hannu, ta dawo ta tsaya tana ƙirga ɗigon ƙarin ruwa da agogo, ta rubuta awon jini da zafin jiki a takarda. Wannan gado ɗaya ke nan, ga wasu jere suna jira, ƙarfe uku na dare, an ɗauke wuta, tana haska kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya, da fitilar waya. Da asuba ɗan dattijuwar zai iso daga gida ya daka mata tsawa don maganin da aka rubuta babu shi a asibiti, kamar ita ta ɓoye. Da safe ta koma gida ta tarar da nata yaran.

Ga ƙarancin hannu. A farkon 2024 magatakardan majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Nauyin da suka sauke, kan waɗanda suka rage ya koma. Ban faɗa miki don in karya miki gwiwa ba, ni kam ina ganin wannan ma dalili ne na a samu irinku. Amma ki shiga da ido buɗe.

Akwai kuma wani nauyi da ya fi damun wanda ya taɓa kwanciya. Wata rana za a kawo yarinya sa'arki, wuya a sanƙare, uwarta na kuka irin kukan da mahaifiyarki ta yi. Za ki yi duk abin da aka koya miki, a ba ta allurar da aka ba ki, amma ita ta cika. A ranar zuciya za ta tambaye ki: me ya sa ni na tashi ita ba ta tashi ba? Wanda ya shiga aikin da niyyar ceto kowa kamar yadda aka cece shi, wannan ranar na iya karya shi. Nas ba ta rayarwa. Nata shi ne ta lura da wuri, ta yi daidai, ta sauƙaƙa wa mara lafiya, ta rufe wa mamaci ido da mutunci, sannan ta wanke hannu ta je gado na gaba. Ki tambayi kanki tun yanzu ko za ki iya son aikin har a ranar da babu wanda ya warke. Amsar wannan ita ce amsar tambayar da kika yi min.

Ba kuma a zaune a ɗaki za ki samo ta ba, gani ya kori ji. Ki nemi yin jinya da hannunki. A danginku ba za a rasa tsohuwa mai ciwon ƙafa, ko mai jego, ko wanda aka kwantar ba. Ki ce ke za ki kwana da ita. Ki yi wankin, ki zubar da fo, ki tashi tsakar dare ba don ranki na so ba. In akwai reshen ƙungiyar agaji ta Red Cross kusa da ku, ko 'yan agajin ƙungiyoyin addini masu ɓangaren mata, ki koyi taimakon gaggawa a wurinsu. Sannan, in da hali, ki roƙi mahaifiyarki ta raka ki ku gaida nas ɗin nan. Ki yi mata godiya baki da baki, wannan kaɗai zai sauke miki wani abu daga ƙirji. Bayan godiya ki tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala a aikin, da ko za ta bar 'yarta ta yi shi. Ki saurari amsarta da kyau. Idan bayan duk wannan kika ji har yanzu ranki na can, to ba alwashi ne ke jan ki ba.

Faɗuwar gaban da kika ɓoye, na gode da kika faɗa min. Ba alama ce ta cewa ba ki dace da aikin ba, ba raunin imani ba ne, ba kuma shafar aljanu ba. Jikinki ya haɗa warin nan da kwanakin da ya fi shan wuya, shi ya sa da ya shaƙa sai ya ɗauka hatsarin ya dawo. Likitoci sun san wannan sarai a wurin waɗanda suka yi doguwar jinya ko suka tsira daga hatsari. Gudun asibiti yana ƙara masa ƙarfi, komawa sannu a hankali yana rage shi. Ki fara da raka wata awon ciki ko rigakafin yara, inda ake hira da dariya. Ki zauna har bugun zuciyar ya lafa da kansa kafin ki fita, kina jan numfashi a hankali, kina ambaton Allah. Wani zuwan ki je dubiya ɗakin marasa lafiya na 'yan mintoci. In kuwa abin ya haɗa da munanan mafarkai, ko firgita cikin barci, ko ki ji kamar an mayar da ke kan gadon, to ki gaya wa likita ya tura ki wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana magance shi, sau da yawa da zama da tattaunawa. Kuma ki gaya wa mahaifiyarki. Ita ma da ta kwana a ƙasan gadonki, ina kyautata zaton tana da nata faɗuwar gaban da ba ta faɗa miki ba.

Batun kunne shi ne wanda ba na so ki yi wa jinkiri, ko za ki yi jinya ko ba za ki yi ba. Sanƙarau na taɓa can cikin kunne, inda sauti ke komawa saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɗiga magani ko wanke kunne ba ya dawo da jin. Abin da ake buƙata gwajin ji ne da na'ura, wanda zai nuna nawa ya tafi a hagu, kuma ko na dama lafiya lau yake. Ana yi a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Da sakamakon a hannu za a san ko na'urar ƙara ji za ta amfane ki. Kunne ɗaya mai ji sosai yana isar mutum ya yi aikin jinya. Akwai abin sauraren ƙirji mai ƙara sauti, na'urorin awon jini da yawa yanzu lamba suke nunawa, sauran kuma dabara ce: ki tsaya ta inda kunnen dama zai fuskanci mara lafiya, kuma duk umarnin magani da aka ba ki da baki ki maimaita shi da ƙarfi kafin ki aiwatar. Wannan ɗin ma ƙa'ida ce da ake so kowace nas ta bi. Kada ki ɓoye matsalar a takardar gwajin lafiya ta shiga makaranta. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, tana bayanki. Kunnen daman nan kuwa ki tattala shi: ki rage ƙarar abin sauraro na waya, kuma duk inda za a rubuta miki allura ki ce kina da matsalar ji, don akwai magunguna irin jentamaisin da kan taɓa kunne.

Alwashin da kika yi, malamai sun bambanta abin da mutum ya ƙudurta a zuci da bakancen da ya furta da baki, kuma ko bakance ne shari'a ta yi wa wanda ya kasa cikawa mafita. Ki je wurin malama ko malamin da kika yarda da iliminsa, ki faɗi ainihin yadda kika yi shi, a ba ki hukunci. Kada ki yanke wa kanki mai tsauri ke kaɗai.

Yanzu Baba. Kafin ki ga kamar tare miki hanya yake, ki tuna abin da idonsa ya gani. Mutanen zamaninsa ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Ya san cutar da suna tun kafin a haife ki, sai ga ta a kan 'yarsa. Mutumin da ya tsaya a barandar asibiti yana jiran a fito a ce masa ya yi haƙuri, in ya ce ba ya son ki koma cikin masu ciwo, tsoro ne ke magana da bakinsa. Ba a kawar da tsoro da gardama. Takardar likita da ta ce jikinki ya murmure za ta yi miki aikin da bakinki ba zai yi ba. Ki kuma nuna masa kin san hanyar kare kai: rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin fara shiga ɗakin marasa lafiya, safar hannu, takunkumi, da rigakafin sanƙarau. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar lokaci guda. Ki tambayi likita ko ya kamata a yi miki, don kamuwa da nau'i ɗaya ba ya hana kamuwa da wani.

Maganar addini kuwa, tarihi na tare da ke. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina inda take jinyar waɗanda aka ji wa rauni, kuma da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya a yaƙin Khandaƙ, tantinta aka kai shi bisa umarnin Annabi don ya riƙa duba shi daga kusa. Sahabbai mata sun fita suna shayar da mayaƙa suna ɗaure raunuka. Ga kuma halin da muke ciki: mata nawa ne a ƙauyukanmu ke naƙuda kwana biyu a ɗaki don maigida ya ce namiji ba zai duba iyalinsa ba? In kowane uba ya hana 'yarsa, wa zai duba matan? Wannan magana ce mai ƙarfi, amma ba daga bakinki ya kamata ta fito ba. 'Ya ba ta yi wa uba wa'azi. Ki bi ta hannun mahaifiyarki, ko gwaggonki da yake jin maganarta, ko baffanki, ko limamin da yake girmamawa.

Kada kuma ki yi masa ƙarya don ya yarda. Aikin dare gaskiya ne, babu nas ɗin da ba ta yi. A lokacin karatu za a kai ki ɗakin maza, wannan ma gaskiya ne. Abin da za ki iya gaya masa shi ne a makarantunmu na Arewa ɗalibai na sa hijabi a kan kayan aiki, akwai ɗakin kwanan mata, kuma bayan kammalawa ana iya neman aiki a ɓangaren mata, yara ko haihuwa. In duk da haka batun maza ya tsaya masa a rai, ga karatun ungozoma, wanda majalisar nan ta aikin jinya da ungozoma ce ke ba da lasisinsa shi ma, aikinsa kuma da mata da jarirai ne. Kusancin gida ma na kwantar da hankalin uba: kuna da kwalejin jinya a Birnin Kudu, ba sai an tsallaka wata jiha ba. In kuwa an bi duk hanyoyin nan ya ce a'a, kada ki yi fito-na-fito da shi. Ki karɓi NCE ɗin, ki zaɓi fannin kimiyya, ki riƙe takardunki. Iyaye na saukowa idan sun ga natsuwa da dagewa, kuma akwai matan da suka shiga makarantar jinya bayan aure da haihuwa.

Sai kemistiri, wanda shi ne ainihin ƙofar da ke rufe yanzu. Ko kwaleji ko jami'a, ana neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, fiziks da kemistiri. Kwalejojin jinya na karɓar sakamakon zama biyu, don haka wanda kike da shi bai lalace ba, cike gurbi kawai za ki yi. Wasu jami'o'in sun fi tsanantawa, sai ki duba ƙa'idar kowacce. Digirin jinya shekara biyar ne, ana yin sa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da wasunsu, ta hanyar JAMB da Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Kwalejoji da yawa ma sun koma tsarin ND da HND, wato ƙaramar difloma da babba, su ma ta JAMB ake shiga. Kowace hanya kika bi, sai kin ci jarrabawar majalisar aikin jinya da ungozoma kafin a kira ki nas mai rajista, don haka kafin a biya ko sisi ki tabbatar makarantar na cikin jerin waɗanda majalisar ta amince da su. Akwai masu buɗe makarantun bogi suna cin kuɗin iyaye, yara su gama ba lasisi.

Kada ki raina kanki a kan faɗuwar nan. Kin rasa makonni a aji biyar, lokacin da ake gina tushen darasin, kin dawo da kunne ɗaya kina zama inda aka samu. Ki nemi malamin da zai koma da ke kan darussan da suka wuce ki, ki zauna gaba ta inda kunnen dama zai fuskanci allo, ki yi rajistar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Wannan ba ya buƙatar Baba ya amince da jinya tukuna, don kiredit a kemistiri zai amfane ki ko NCE ɗin kika yi. Ki roƙe shi kuɗin rajista da na gwajin kunne a zama ɗaya, kuma in ya yarda, shi da kansa ya raka ki wurin gwajin ya ji bayanin likita da kunnensa.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya yi miki albarka. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce ina yi mata sannu da jinya.